Kofi ko Giɓi: Wa Ya Fi Cancantar Kyautar Gwarzon Ɗan Ƙwallon Afirka ta 2025?

Ranar 19 ga Nuwamba, 2025, a birnin Rabat, Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Afirka, CAF, ta naɗa Achraf Hakimi na Maroko gwarzon shekara, ya sha gaban Mohamed Salah na Masar da Victor Osimhen na Nijeriya. An rufe taro a can, amma ba a rufe muhawara ba a rumfunan Babbar Kasuwar Kaduna, wadda ake kira Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi. Masu sayar da riguna da takalman ƙwallo da abokan cinikinsu sun kasu gida uku, kowane gida da gwaninsa. Ra'ayina shi ne Salah ya fi cancanta, kuma hujjata daga ilimin kasuwar na ɗauko ta.

Ɗan kasuwa ya san bambancin kayan da ke ƙawata shago da kayan da ke riƙe shago. Na farko shi ke jan ido, na biyu kuwa ranar da ya yanke ake gane matsayinsa, domin ciniki ne ke tsayawa cak. Wannan shi ne ma'aunin giɓi: a cire mutum daga wurinsa, a duba girman ramin da ya bari. Akwai kuma ma'aunin kofi: a ƙirga abin da ƙungiyarsa ta ɗauka. Yawancin gardamar da ake yi kan irin waɗannan kyaututtuka ta samo asali ne daga rashin bayyana mudun da ake awo da shi.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A Amurka, a wasan besbol, an yi irin wannan taƙaddama a 2012 tsakanin Miguel Cabrera na Detroit Tigers da Mike Trout na Los Angeles Angels. Cabrera ya zo kan gaba a manyan alƙaluman duka guda uku, abin da ba wanda ya yi tun 1967, ƙungiyarsa kuma ta shiga zagayen neman kofi. Manazarta alƙaluma suka fito da lissafin nasarorin da ƙungiya za ta yi asara da a ce an maye gurbin ɗan wasa da wani na talakan 'yan wasa, lissafin ya nuna Trout ne a sama. Duk da haka Cabrera ya samu ƙuri'un farko 22 daga cikin 28. Abin lura shi ne ƙungiyar Trout ta ci wasa 89, ta Cabrera 88; rukunin da kowa ya faɗa ne ya raba su. Wato an saka wa mutum ɗaya da abin da sa'ar jama'a ta kawo.

Kaduna ma tana da nata misalin, wanda ya fi kusa da mu. Rashidi Yekini, haifaffen wannan gari, wanda ya fara taka leda a ƙungiyar masaƙar UNTL, shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya ci wannan kyauta, a 1993. A wannan shekarar mujallar France Football, wadda ita ma take ba da tata kyautar, Abedi Pele na Ghana ta zaɓa, bayan ya ɗauki kofin Zakarun Turai da Marseille. Alƙalai biyu, shekara ɗaya, hukunci biyu. Su sun auna da kofi, CAF kuwa ta duba mutumin da ƙwallayensa suka taimaka Nijeriya ta samu gurbi a gasar cin kofin duniya karo na farko. Ba Bakadunen da ya taɓa cewa an zalunci Abedi Pele. To, wanda ya yarda da mudun 1993, adalci ya wajabta masa ya auna 2025 da shi.

Yabon gwani ya zama dole, kuma Hakimi gwani ne. Paris Saint-Germain ta ɗauki kofin gasar Faransa da kofin ƙalubale, sannan ranar 31 ga Mayu, 2025, ta lallasa Inter Milan da ci 5 da nema a Munich, ta ɗauki kofin Zakarun Turai na farko a tarihinta. Hakimi ne ya buɗe ragar, bayan ya ci Aston Villa da Arsenal a zagayen da suka gabata. Ga ɗan wasan baya wannan ba ƙaramin aiki ba ne. Magoya bayansa suna da wata hujja mai nauyi: rabon da ɗan baya ya ci wannan kyauta tun Bwanga Tshimen na Zayar a 1973, alamar cewa masu zaɓe sun daɗe suna kallon mai zura ƙwallo, suna manta mai hana ta shiga. Sai dai kyautar shekara ba wurin biyan bashin shekara 52 ba ce. Kuma Hakimi yana cikin taron gwanaye ne: Ousmane Dembélé da ya ci kyautar Ballon d'Or, da Vitinha, da Donnarumma, da Nuno Mendes. Da ya yi jinyar wata uku, ƙungiyar za ta ji a jikinta, amma jinkar ba za ta faɗi ba, domin hannuwan da ke ɗauke da ita suna da yawa.

A Liverpool lamarin daban ne. A kakar 2024/2025 ƙungiyar ta ci ƙwallo 86 a gasar Firimiyar Ingila ta ɗauki kofi. Salah ya ci 29, ya bayar aka ci 18. Jimilla 47 ke nan, fiye da rabin duk abin da ƙungiyar ta zura, kuma ba wanda ya taɓa kai wannan adadi a kaka mai wasa 38. Shi ne ya fi kowa ci, shi ne ya fi kowa bayarwa, yana da shekara 32. A watan Oktoba kuma ya ci biyu a ragar Djibouti, Masar ta samu gurbin kofin duniya na 2026. Za a ce ai PSG ce ta fitar da Liverpool a watan Maris, Salah kuma bai yi abin a zo a gani ba a wasannin biyu. Gaskiya ne. Amma da bugun fenariti aka raba gardamar, kuma dare biyu ba su isa su shafe aikin wata tara ba. Masu zaɓen Ballon d'Or ma Salah suka ajiye na 4, Hakimi na 6.

Saura namu. Osimhen ya ci ƙwallo 26 a gasar Turkiyya, Galatasaray ta ɗauki kofi, kuma duk mai kallon Super Eagles ya san yadda gabanta ke mutuwa idan ba ya fili. Ƙwallo uku da ya ci Benin a Uyo su suka farfaɗo da fatarmu. A ma'aunin giɓi yana da babban rabo. Amma gasar Turkiyya ba ta kai ta Ingila tsanani ba, sannan kwana uku kafin bikin Rabat, Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo ta tare mana hanyar kofin duniya. A 2023, lokacin da ya ci 26 a Italiya ya kai Napoli ga kofinta na farko cikin shekara 33, shi ya cancanta, kuma an ba shi. A 2025 so ne ke hana mu ganin tazarar.

Wannan batu ya wuce nishaɗi. Yaran da ke atisaye a kewayen filin wasa na Ahmadu Bello suna sauraren yadda manya ke yanke hukunci, daga nan suke koyon abin da ake kira cancanta. Idan suka ji cewa namu ne gwarzo ko da yaushe, ko kuwa wanda ya jingina da babban gida shi ne gwarzo, da wannan mudun za su auna ɗalibi da ma'aikaci da ɗan takara gobe. Abin da nake nema daga CAF shi ne ta bayyana ma'auninta tun kafin a kaɗa ƙuri'a: kofi take sakawa ko giɓi. Idan kofi ne, Hakimi ya ci halaliyarsa. Idan kuwa ana neman mutumin da ƙungiyarsa ba za ta kai inda ta kai ba sai da shi, to kyautar 2025 ta Salah ce.