Ruwa Ba Ya Tsami Banza

Duk ɗalibin da ya fito daga ƙasar Haɗeja ya san yadda watan Agusta da na Satumba suke a Auyo. Magidanta ba sa barci da ido biyu. Samari suna kwana a bakin jinga da fitila da buhunan yashi, suna duban inda ruwa ya kai a jikin sandar da suka kafa da magariba. A 2018 ruwa ya shiga, a 2020 ya komo, a 2022 kuwa, shekarar da ambaliya ta hallaka fiye da mutum 600 a Nijeriya, Jihar Jigawa tana cikin waɗanda suka fi jin jiki. Abin da ke faruwa kusan duk bayan damina biyu bai cancanci a riƙa kiransa tsautsayi ba.

Auyo tana zaune ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, ba dutse ba kwazazzabo. A irin wannan wuri kogi ba ya gudu, rarrafe yake yi, yana rarrabuwa rassa-rassa, kamar rafin Kafin Hausa da sauran ƙananan hanyoyin da ke ɗauke masa nauyi. Kakanninmu ba su ɗauki cikowarsa masifa ba: ita ke shayar da shinkafar fadama, ta kawo kifi, ta bar wa makiyayi ɗanyar ciyawa. Da rani kuma kogin ya ƙafe ƙaf, rana ta ƙone abin da ya tsiro a cikinsa.

To, me ya sauya? A 1974 aka gama madatsar ruwa ta Tiga, a 1992 ta Calawa. Ba mu musun amfaninsu. Wanda ya ci shinkafar Kura ko tumatirin Kadawa ba zai zagi Tiga ba. Amma tun da aka soma sako ruwa rani da damina, kogin ya daina bushewa, ciyawar kacala ta sami wurin zama. Kacala tana rage wa ruwa gudu, ruwan da ya rage gudu yana zubar da yashi da laka, lakar ta cike hanya, hanyar da ta cike kuma ta ƙara wa kacala fili. Haka abin ke zagayawa shekara da shekaru. In damina ta yi ƙarfi, ruwa ya gangaro ta Wudil da Ringim ya tarar da hanyarsa a toshe, ina zai nufa in ba gonaki da ɗakunan ƙasa ba? Kada ma a yi zancen tsuntsayen jan-baki da ke kwana cikin kacalar su wayi gari a kan hatsin talaka.

Madatsun suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda Gwamnatin Tarayya ta kafa a 1976. Garuruwan kuwa na jiha ne da ƙananan hukumomi. A tsakanin nan alhaki yake salwanta. An sayo injunan da ke shiga ruwa su cire kacala, mun yaba. Amma ciyawar da ke sake tsirowa daga saiwa ba aikin biki guda ba ce, aikin kowane rani ce, da kuɗinsa a rubuce cikin kasafi.

Maganarmu ta fi shafar yayyenmu da suka kama aikin gwamnati. Ku ne kuke auna filaye, ku ne kuke sa hannu a takardar gini. Wanda ya yanka fuloti a kan hanyar ruwa don wani babba ya rubuto masa 'yar takarda, hannunsa na cikin rushewar gidan. Rabon tabarma da buhun masara bayan ɓarna ba ya wanke wannan.

Mu ma ɗalibai ba mu tsira ba. Kundaye nawa aka rubuta a kan wannan kogi suna shan ƙura a ɗakin karatu, da Turancin da dagaci ba zai karanta ba? Muna roƙon sassan labarin ƙasa da injiniyanci su tura 'yan ajin ƙarshe Auyo da wannan rani, su zauna da masunta da sarakunan ruwa, su zana taswirar unguwannin da ruwa ke fara ci da tudun da za a gudu, a rubuta da Hausa a miƙa wa hakimi kafin ruwan farko.