SHARHI: SANIN TUDU DA KWARIN ƘASARMU KAFIN ZUWAN RUWA

Sanin kowa ne cewa a duk shekara idan damina ta yi nisa, musamman daga tsakiyar watan Agusta zuwa ƙarshen Satumba, hankalin al'ummomin da ke zaune a gaɓar kogin Haɗeja ba ya kwanciya. Daga Ringim da Taura zuwa Miga, Auyo, Kafin Hausa, Haɗeja, Kirikasamma da Guri, magidanta kan kwana suna zagaya jinga da fitila a hannu, matasa kuma suna cika buhuna da yashi domin toshe duk inda ruwa ya fara ɓulla. Wannan fargaba tana da dalili. A shekarar 2012 ambaliya ta hallaka mutane 363 a faɗin ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan biyu da gidajensu. A shekarar 2022 waɗanda suka rasu sun haura 600, kuma Jihar Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi shafa. A ranar 10 ga Satumba, 2024, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin Maiduguri, sannan a ƙarshen watan Mayu na 2025 garin Mokwa da ke Jihar Neja ya yi asarar fiye da mutane 150.

Duk wanda ya taɓa ziyartar ƙauyen da ambaliya ta shiga zai lura da wani abu guda. Ruwa yakan cinye unguwa ɗaya ya bar wadda ke kusa da ita, yakan kwanta a gonar wane ya tsallake ta maƙwabcinsa. Bambancin da ke tsakanin gidan da ya rushe da wanda ya tsira sau da yawa bai kai tsayin mutum ba, kuma ido ba ya iya gane shi a lokacin rani. A kan wannan ɗan bambanci ne muke son mu yi nazari a yau, tare da duba wata fasaha da ke taimaka wa hukumomi su gan shi tun kafin ruwa ya nuna musu shi da kansa.

Fasahar ta ginu ne a kan abin da masu safiyo ke kira layukan tsayi. Domin fahimtarsu, mu tuna da kududdufin bayan gari. Idan kaka ta wuce ruwa ya fara janyewa, yakan bar shata a jikin gaɓa, bayan wasu makonni ya sake barin wata a ƙasa da ta farko, haka dai har ya ƙafe. Kowace shata ta kewaye kududdufin a tsayi ɗaya, domin ruwa a kwance ba ya karkata. To, layin tsayi a kan taswira irin wannan shata ce: layi ne da ke haɗa dukkan wuraren da tsayinsu daga doron teku ya zo daidai. Inda layukan suka matsu da juna, akwai gangare mai tsanani, kamar a jikin duwatsun Dutse. Inda suka yi nesa da juna, ƙasa ce shimfiɗaɗɗa. Inda suka lanƙwasa suka yi tsini, galibi rafi ne ko kwazazzabo, kuma tsinin yana nuna wajen da ruwa ke fitowa.

Matsalar ita ce karanta waɗannan layuka sai wanda ya samu horo. Idan aka shimfiɗa irin wannan taswira a gaban kansila ko dagaci, abin da zai gani shi ne zane-zane masu kama da saƙar gizo. A nan ne kwamfuta ta kawo sauƙi. Ana shigar mata da layukan tare da adadin tsayin kowannensu, sai ta rarraba ƙasar gida-gida kamar gurabun dara, ta ƙiyasta tsayin kowane gurbi ta hanyar duba layukan da ke kusa da shi. Daga nan sai ta ɗaga kowane gurbi gwargwadon tsayinsa, ta yi masa inuwa kamar rana ta haska shi daga gefe, a kuma shimfiɗa hoton tauraron ɗan'adam a kai. Abin da ke fitowa a allon kwamfuta shi ne siffar ƙasa mai tsawo da faɗi da tsayi, wadda za a iya juya ta a kalle ta daga gabas ko yamma, a ga tudu a matsayin tudu, kwari kuma a matsayin kwari. Mutumin da bai taɓa shiga aji ba zai iya nuna gonarsa a kai. Hausawa na cewa gani ya kori ji.

Amfanin bai tsaya a kallo ba. Tun da kwamfuta ta san tsayin kowane gurbi, tana iya lissafa inda ruwan sama zai gangara daga kowane wuri, da inda zai taru, da faɗin ƙasar da ke zuba ruwanta a kwalbati guda. Ana iya tambayarta: idan kogi ya ƙaru da mita ɗaya, waɗanne gidaje da makarantu da hanyoyi ne ruwa zai fara taɓawa? Idan ya ƙaru da mita biyu fa? Wane tudu ne mafi kusa da zai ɗauki jama'a da dabbobinsu, kuma wace hanya ce za ta kai su can ba tare da ta yanke ba? Waɗannan su ne tambayoyin da shugabannin ƙananan hukumomi ke fuskanta a tsakiyar dare, alhali lokacin da ya dace a amsa su shi ne watan Maris.

Daga ina ake samun bayanan tsayin? Tushe na farko shi ne tsofaffin taswirorin Hukumar Safiyo ta Tarayya, waɗanda aka zana da yawa daga cikinsu daga hotunan jirgin sama na shekarun 1950 da 1960, a ma'aunin da santimita 2 a takarda ke daidai da kilomita 1 a ƙasa. Tazarar da ke tsakanin layi da layi a yawancinsu ƙafa 50 ce, wato mita 15 da ɗoriya. Tushe na biyu ya zo ne a watan Fabrairu na shekarar 2000, lokacin da kumbon Endeavour na hukumar NASA ta Amurka ya yi kwanaki 11 yana kewaya duniya da na'urar rada, ya auna tsayin kusan kashi 80 cikin 100 na sandararriyar ƙasa, a shirin da ake kira SRTM. Da farko an saki bayanan Afirka ne a gurabu masu faɗin mita 90, sai a shekarar 2014 aka fitar da masu faɗin mita 30 kyauta. Daga baya shirin Copernicus na Tarayyar Turai ya fitar da nasa, shi ma mai gurabun mita 30, kuma kyauta. Akwai kuma manhajar QGIS da kowa ke iya saukewa ba tare da biyan ko kwabo ba. Ke nan ƙaramar hukuma mai kwamfuta ɗaya da ma'aikaci ɗaya da ya samu horo tana iya fara wannan aiki.

Sai dai a nan ne muke son jan hankalin jami'anmu, domin ƙasarmu tana da wata ɗabi'a da ke rage ƙarfin waɗannan bayanai na kyauta. Birnin Kano ya fi Tabkin Chadi tsayi da kimanin mita 200 ne kawai, alhali nisan da ke tsakaninsu ya haura kilomita 500. Ma'ana, a matsakaici, ƙasa na gangarawa da abin da bai kai rabin mita ba a kowace kilomita. A irin wannan shimfiɗa, mutum na iya tafiyar kilomita 30 ko 40 tsakanin layi ɗaya da na gaba a tsohuwar taswira. Duk wata fadama da jigawa da tsohon kwarin kogi da ke tsakanin layukan biyu taswirar ba ta san da su ba, kwamfuta kuma za ta cike wurin da ƙiyasi, ta nuna shi sumul kamar faifai. Bayanan tauraron ɗan'adam sun fi haka, amma su ma kuskurensu na iya kai 'yan mitoci, kuma na'urar rada takan auna saman itatuwa da rufin gidaje ta ɗauka ƙasa ce. Jinga mai faɗin mita 3 ba za ta fito a gurbi mai faɗin mita 30 ba. A ƙasar duwatsu kuskuren mita 3 ba komai ba ne. A Auyo ko Guri kuwa, shi ne bambancin tsira da nutsewa.

Akwai kuma wani abin lura. Domin tudu da kwari su fito a allo a ƙasa mai shimfiɗa irin tamu, masu aikin kan ninka tsayin sau 10 ko 20. Wannan dabara ce mai amfani, amma wanda ba a yi wa bayani ba zai ga jigawar da ba ta wuce mita 4 ba ta zama kamar dutse, ya ɗauka ruwa ba zai taɓa kai ta ba. Kyawun hoto kan sa mutane su yarda da shi fiye da kima, saboda haka wajibi ne duk jami'in da aka kawo wa irin wannan taswira ya yi tambaya uku: daga wane tushe aka samo tsayin, a wace shekara aka auna, kuma kuskurensa ya kai nawa?

Bugu da ƙari, siffar ƙasa ba ita kaɗai ke juya ruwan kogin Haɗeja ba. Kogin Kano da na Challawa da ke haɗuwa kafin Wudil su haifar da shi, kowannensu yana da babbar madatsa a kansa: Tiga da aka kammala a 1974, da ta Challawa da aka kammala a 1992. Yawan ruwan da ake saki daga cikinsu, da yashin da ya cike hanyoyin kogin, da ciyawar kacala da ta toshe rassansa a yankin dausayin Haɗeja da Nguru, duk suna sauya inda ruwa ke bi daga shekara zuwa shekara. Taswirar da aka gina a kan awon shekarar 2000 ba ta san hanyar motar da aka ɗaga a bara ba, wadda yanzu ta tare ruwa ta mayar da shi cikin gari.

Mafita ita ce a yi amfani da kowane awo a inda ya dace. Bayanan kyauta sun isa a ga babban hoto, a gane ƙananan hukumomi da gundumomin da suka fi shiga haɗari. Su kuma waɗannan wurare, sai a kashe kuɗi a yi musu awo na ƙwarai, ko dai da na'urar hasken leza da ake kira LiDAR wadda jirgin sama ke ɗauka, mai iya auna tsayi da kuskuren da bai kai taƙi ɗaya ba, ko da jirgi maras matuƙi tare da masu safiyo a ƙasa. Ba a buƙatar auna jihar baki ɗaya da wannan tsada. Gaɓar kogi da garuruwan da ke kanta su ne kan gaba.

Abu na ƙarshe, kuma mafi arha, shi ne ilimin mazauna wurin. A shekarar 2012, a yankin Baibokum da ke kudancin ƙasar Chadi, Fulani makiyaya tare da jagorancin Hindou Oumarou Ibrahim sun gina siffar yankinsu da hannu. An yanka kwalaye bisa layukan tsayi, aka jera su ɗaya bisa ɗaya har tudu da kwari suka fito, sannan dattawa maza da mata suka zagaye ta suna nuna burtali da mashaya da dazuzzuka, ana sa alama da fenti da zare. Babu abin da zai hana a yi irin wannan a zauren dagaci a garuruwanmu. Dattijon da ya nuna inda ruwan 2012 ya tsaya a jikin katangar masallaci, da inda na 2022 ya kai, ya ba mai safiyo layin tsayi guda biyu da babu tauraron da ya fi su inganci.

Saboda haka muna kira ga shugabannin ƙananan hukumomi da su tabbatar an horar da aƙalla ma'aikaci ɗaya a sashen ayyuka ko na filaye kan wannan fasaha, kuma kada a yanka fuloti, ko a aza harsashin makaranta da asibiti, ko a zaɓi wurin kwalbati, sai an duba tudu da kwarin wurin. Idan hukumar NIHSA ta fitar da hasashen ambaliya na shekara, ko hukumar NiMet ta fitar da hasashen damina, a ɗora su a kan siffar ƙasar kowace gunduma, domin gargaɗin da ya ambaci sunan ƙaramar hukuma ya koma gargaɗin da ke ambaton sunan unguwa.

Muna kuma kira ga iyayenmu hakimai, dagatai, bulamai da masu unguwanni da su sa a yi alama mai ɗorewa a jikin gine-gine da itatuwa a duk inda ruwa ya kai, tare da rubuta shekarar, kuma su ba masu safiyo haɗin kai idan sun zo. Ga 'yan'uwanmu manoma da magidanta kuwa, idan aka nuna cewa wani fili hanyar ruwa ce, a daure a karɓi shawara ko da an yi shekara goma ba a ga ruwa a wurin ba. Ruwa ba ya manta hanyarsa, kuma rigakafi ya fi magani.

Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya kare mu daga sharrin ambaliya, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, amin.