Tumatir Ba Ya Jiran Shinge

Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Mile 12 a Ikko, ko Sasa a Badun, ya san abin da ake gani idan an sauke kaya. Saman kwando ja wur, ƙasansa kuwa ya zama ruwa. Wannan hasara a kan manomi da falke take, kana ta koma kan mai cefane.

Yawancin tumatirin nan daga Kura da Kadawa yake fitowa, inda ruwan madatsar Tiga ya raya noman rani tun wajen 1974, sai kuma Ɗanja da Ikara. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar kilomita wajen 1,000 ce. Motar da ya kamata ta iso cikin kwana biyu takan ƙara kwana a hanya, ga ramuka, ga shingaye barkatai. A kowane shinge sai direba ya tsaya ya biya, rana tana dukan kaya. Abin mamaki shi ne, dokar haraji ta 1998 ta hana kowa datse hanya domin karɓar kuɗi, amma masu sanda da igiya ba su fasa ba.

Kuma hanyar ba ta da mataimaki. A watan Mayun 2025 ne ambaliya ta auka wa Mokwa, mutane fiye da 150 suka rasu, gada ta karye, motoci suka yi cirko-cirko. Reluwe ya isa Kano tun 1911, shi ya yi ta jan gyaɗa zuwa bakin teku shekara da shekaru. Sabon layin da aka buɗe a 2021 kuwa a Badun ya tsaya.

Idan kaya suka yi tsada, wa ake zagi? Ɗan Arewa mai tireda ko mai baro, wanda ba shi ya kafa shinge ba, ba shi ya fasa kwalta ba. Rikicin Sasa na Fabrairun 2021 ya isa ishara, watau ƙaramar magana a kasuwa tana iya cin rayuka da dukiya.

Saboda haka lalle Gwamnatin Tarayya da gwamnonin jihohin da hanyar ta ratsa su kawar da shingayen haram, a tsai da haraji guda da rasit guda, daga gona har kasuwa. A gyara gadoji kafin damina, a kuma ware taragon kayan gwari a jirgin ƙasa.

Su ma 'yan kasuwa akwai nasu. Kwandon gargajiya yana matse tumatir idan an ɗora wani kan wani, akwatin roba kuwa yana tsare shi. Ya kamata sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa su haɗa kuɗi a sayi akwatunan, a riƙa ba da haya. Su kuma riƙa rubuta kowane shinge da abin da aka karɓa, da rana da wuri, su miƙa wa hukuma a rubuce. Kukan baki iska ke ɗauka, takarda kuwa tana zama a fayil. Allah ya sa a ji, a gyara.