Ƙarfen Katampe da gonakin kudancin Katsina

A watan Yulin 2024, Shu'aibu Alhaji Yusha'u ya ɗare dogon ƙarfen gidan rediyon Aso da ke Katampe a Abuja, ya ƙi saukowa, yana neman a dawo da tallafin man fetur, a kuma ayyana dokar ta-ɓaci kan rashin tsaro a wasu jihohin Arewa. Saukowarsa ke da wuya 'yan sanda suka tsare shi bisa zargin yunƙurin kashe kansa. Bidiyon ya karaɗe wayoyi, buƙatun kuwa suka bi iska. Alhali kukan da ya hau da shi, shi ne na manoman Faskari da Ƙanƙara, masu cika kasuwannin yankin Funtua da Malumfashi da masara, waɗanda suka shafe shekaru suna biyan 'yan bindiga haraji kafin su girbe amfanin gonakinsu.