Lissafi a kwaleji: ɗan ƴar kasuwa ne ya kasa, ko tushe ne ya ruɓe?

Duk ƙarshen zangon karatu, wayar gidan rediyonmu a Yamai ba ta hutawa. Iyaye mata na Katako da Wadata ke kira da kuka iri ɗaya: yaro ya kawo 4 bisa 20 a lissafi, ga jarrabawar BEPC na matsowa, ga kuɗin malamin gida ana biya wata-wata, babu canji.

To amma bari mu tambaye ki, Hajiya. Wa ya koya miki cewa tiya uku a dala ɗari da hamsin-hamsin jika biyu ne da dala hamsin? Kafin mai saye ya miƙo jika biyar, kin riga kin san canjinsa. Ɗan da ya tashi a gindin wannan tire ba za a ce ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗaukar lissafi ba.

A ganinmu ciwon daga firamare yake. Binciken PASEC na 2014 ya nuna cewa a Nijar fiye da yara 9 cikin 10 da ke ajin ƙarshe na firamare ba su kai matakin da ake bukata a lissafi ba. An samu ɗan sauƙi a na 2019, amma mafi yawa suna ƙasa. A 2017 kuma, da gwamnati ta gwada malamai ƴan kwantiragi, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai suka samu rabin maki. Yaron da bai riƙe sau da rabawa ba, shi ne ake kai wa kwaleji a ɗora masa x da y. Kullum sai ya kwafe allo tsaf cikin littafinsa, uwa ta gani ta ɗauka karatu yake.

Sannan ga harshe. A gida dala yake ji, a aji a ce masa faran, da Faransanci. Sau da yawa tambayar ce bai gane ba, ba lissafin ba. Tun 1973 aka fara gwada koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma a 2025 aka ayyana Hausa harshen ƙasa, amma littafin lissafin kwaleji har yau Faransanci ne.

Abin ba wasa ba ne, domin wanda bai da maki a lissafi da wuya ya shiga sashen C ko D a lise, hanyar likita da injiniya ke nan.

Saboda haka kafin ku ƙara wa malamin gida ko dala, ku zaunar da yaron a rumfa ranar Asabar, ku ba shi canji ya lissafa, sannan ya rubuta abin da ya yi a takarda. In ya iya da baki ya kasa a rubuce, sai ku gaya wa malamin ya koma da shi darussan CM1 da CM2, ko da yaron yana aji uku na kwaleji.