Ba laifin damina ba ne: tagar da ke yoyo da ginin ganin ido

Kowace shekara, da zarar Agusta ya kama, sai koke ya yawaita a sababbin unguwannin Kano, Kaduna da Abuja: ruwa ya shigo ta taga, fenti ya kumbura, funfuna ta yi baƙi a ƙasan labule. Mai gida ya ɗora laifin a kan ruwan bana, ɗan haya ya ɗora a kan mai gida, birkila kuwa ya ce haka Allah ya so. Duk cikinsu babu mai son faɗin abin da ke fili: yawancin tagogin nan tun ranar da aka kafa su aka shirya musu yoyo.

Dalilin farko na kimiyya ne. Alminiyum, wanda ya mamaye kasuwar taga, yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na yadda siminti ke yi. Firam mai tsawon mita 2 yana iya miƙewa fiye da milimita 1 tsakanin sanyin asubar hunturu da zafin azahar na bazara. Amma abin da aka saba shi ne a cusa siminti a ratar da ke tsakanin firam da bulo, a shafe, a yi fenti. Siminti ba ya lanƙwasa, don haka tsagewa yake yi. Ta wannan tsagar, wadda ido ba ya ko lura da ita, ruwa ke ratsa bango. Abin da ratar ke buƙata shi ne abu mai taushi irin silikon, wanda ke bin motsin ƙarfen, kuma a riƙa sabunta shi, domin rana na cinye shi a hankali.

Na biyu, ƙasan taga mai zamewa yana da ƙananan ramuka da aka yi domin ruwan da ya taru a layin ya fice waje. Masu aiki da yawa kan toshe su da filasta ko fenti. Waɗanda suka tsira kuma, ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi ta cika su, ta daskare. Idan damina ta zo, ruwan ba shi da mafita sai cikin ɗaki. Haka nan dandamalin da ke ƙarƙashin taga, wanda ya kamata ya ɗan karkata waje, sau da yawa a miƙe ake zuba shi.

Na uku shi ne yayi. Gidan da ake ɗauka na zamani yanzu shi ne mai ɓoyayyen rufi da faffaɗan gilashi, ba tare da wani baki da zai yi wa taga laima ba. Maginan da suka gina Gidan Makama da tsofaffin gidajen birni sun fi wannan hankali. Sun san hadari daga gabas yake tasowa, sai suka ƙanƙanta tagogi, suka ɗaga su sama, suka miƙa indararo nesa da bango, suka shafe shi da makuba. An watsar da wannan ilimi ba tare da an ɗauki wani a madadinsa ba.

Akwai masu cewa tsada ce ta jawo. Wannan uzuri ba ya tsayuwa a gidan da aka kashe miliyoyi a kan tayil da adon silin. Kuɗin silikon da robar gefen gilashi bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da kuɗin sake filasta da fenti duk bayan damina. Asarar kuma ba ta tsaya ga aljihu ba: danshi da funfuna suna tsananta asma da tari, musamman ga yara. Matsalar ita ce ana biyan abin da baƙo zai gani, ana rowa a kan abin da ke riƙe da gida.

Najeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, amma babu jami'in da zai zo ya duba ratar tagar kowa. Saboda haka nauyin yana kan mai gini. Kafin ya biya cikon kuɗin aiki, ya sa a watsa wa kowace taga ruwa da tiyo daga waje na 'yan mintuna, shi kuma yana tsaye a ciki. Ma'aikacin da ya ƙi yarda da wannan gwaji ya riga ya faɗi ra'ayinsa game da aikin hannunsa.