Daga kwali zuwa waya: Yadda tambarin kamfanonin fim ya rasa ikonsa a kasuwa

Matashin da ya miƙa wayarsa ga mai tura finafinai a kasuwar Gwarzo ko ta Kabo ba ya damuwa da tambarin da ke fitowa kafin fim ya fara. Sau da yawa ma an yanke shi, ko an liƙa wani a kansa. Alhali a da, wannan tambari shi ne hujjar mallaka, kuma da shi ake karɓar kuɗi.

Tun bayan da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a 1990, harkar rarraba fim a Kano ta zauna a hannun dillalan kaset na Ƙofar Wambai da Bata. Tsarin kuwa na musamman ne. Furodusa zai miƙa wa dillali uwar kaset, sannan ya buga kwali mai ɗauke da hoton jarumai da sunan kamfaninsa. Dillali ya sayi kwalin, ya kwafi fim a kaset ɗinsa, ya sayar wa 'yan sari da ke kai kaya garuruwa irin su Gwarzo. Yawan kwalin da aka saya shi ne ribar mai fim. Shi ya sa sunaye irin su Sarauniya Films, wadda ta fitar da Sangaya a 1999, da Iyan-Tama Multimedia da Ibrahimawa da FKD ta Ali Nuhu suka zama abin da mai saye ke dubawa kafin ya ciro kuɗi.

Tsarin bai rasa aibu ba, domin dillali ne ke yanke farashi, kuma biyan kan zo ne bayan an sayar. Amma aƙalla akwai abin ƙirgawa.

Faifan CD ya rage darajar kwali, katin memori kuma ya kashe shi. Fim ya koma abin da ake turawa a 'yan mintoci, babu kwali, babu lissafi. Ana cikin haka finafinan Indiya da Algaita ke fassarawa suka cika wayoyi, tambarin mai fassara ya fi na ainihin mai fim suna.

Masu jari sai suka nemi wasu ƙofofin. Arewa24 ta fara aiki a 2014, Northflix ta biyo baya a 2019, sannan YouTube ya mayar da kamfanoni irin su Saira Movies da Bakori TV masu rarraba hajarsu da kansu. A nan tambari ya sake samun aiki, a kusurwar allo, yana shelar wanda kuɗin talla zai shiga asusunsa.

Sai dai wannan kuɗi yana biyo mai kallo da data ne kawai. Mai kallon Gwarzo da ya karɓi Labarina ko Izzar So a wurin mai turawa ya biya, amma ko kwabo bai isa ga wanda ya zuba jari ba.

Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da aka kafa a 2001, ta nuna tana da ƙarfi: a watan Mayun 2025 ta dakatar da finafinai masu dogon zango 22 saboda rashin kai su tacewa. Ƙarfin dai ya fi karkata ga abin da ke cikin fim. Tambayar wa ke da ikon sayar da shi a shagunan turawa na ƙananan hukumomi 44, da nawa zai koma ga mai shi, tana nan tana jiran wanda zai zaunar da furodusoshi da masu turawa a teburi ɗaya.